Lodin da Siddo Ya Yi Zuwa Maroko

Siddo taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka ina da izinin in faɗi abin da na ga dama a kansa, shi ma bai taɓa raga mini ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kamasho a tashar Gaya, layin Yamai. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga nan zuwa Dosso ya san shi, ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai kafaɗar dama a karkace, da bik na rubutu maƙale a kunne, wanda ke cusa kai ta taga yana nuna kawunan fasinja da yatsa, leɓɓansa na motsi. In ya ga ta cika sai ya bugi bayan motar sau biyu, direba ya ja, shi kuma ya juya ya nufi ta gaba.

Karkacewar kafaɗar ba a tasha ya samo ta ba. Yana saurayi ya tafi Yamai neman abin yi, ya faɗa filin golf na Turawa da ke bayan gari. Ga wanda bai san wasan ba, ƴar ƙaramar farar ƙwallo ce ake bugawa da sanda mai kan ƙarfe, a bi ta a ƙasa har ta faɗa rami, rami bayan rami har goma sha takwas. Sandunan suna da yawa, suna da nauyi, kuma mai wasa ba ya ɗaukar jakarsa. Siddo ya ɗauke ta shekara goma sha ɗaya.

Filin nan ba ciyawa, yashi ne da tsakuwa da ƙaya. Kowane Bature yana yawo da ƴar tabarmar roba mai gashi-gashi, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. Inda ƙwallo ta faɗi sai mai jaka ya shimfiɗa tabarmar, ya ɗora ƙwallon a kai, a buga. Kewayen rami kuwa yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai. Turawan suna bugawa suna gunaguni, wai wannan ba golf ba ne, a ƙasarsu ciyawa ce tun daga bugun farko har rami, ƙwallo tana zama a kanta da kanta, sanda tana yankar ƙasa mai laushi. Siddo yana bayansu da jaka yana saurare. Ran Litinin, da ake barin ma'aikata su taɓa, ya koyi bugu har ya fi yawancin waɗanda yake yi wa dako. Tun a lokacin abu ɗaya ya zauna masa a rai, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: ya tsaya a kan ciyawa ta gaske, sanda a hannunsa, jaka a kafaɗar wani, ya buga ƙwallo ko sau ɗaya ne.

Da mahaifinsa ya rasu ya dawo Gaya da sanduna uku da wani Bature ya bar masa, da ƙwallaye a cikin tsohuwar safa. Ya auri Fadima, ya shiga tasha. Amma duk Lahadi da la'asar sai ya ɗaure sandunan a bayan keke ya nufi wani fako a hanyar Tanda. Can ya binne gwangwanin tumatir shida a matsayin ramuka, ya kafa wa kowanne kara da ƙyalle. Masu dawowa daga gona su tsaya su kalle shi, su girgiza kai su wuce. Ni na fi kowa tsokana. In na gan shi a kan keken sai in ɗaga murya in ce, "Taubashi, yau ma an tahi kiwon ƙwai?"

"Mushe, koma ka bugi ɗiyan mutane da bulala, shi ka iya," in ji shi. Malamin lakol ne ni a lokacin, wato makarantar boko, shi ya sa yake ce mini Mushe, kuma har yau bai daina ba.

Shekara kusan ashirin shi kaɗai yake a fakon nan. Abin da ya kawo masa abokan wasa ciwon sukari ne. Alhaji Yahaya, wanda ke fitar wa ƴan kasuwa kaya a duwan, wato kwastan, likita ya ce masa lalle ya riƙa tafiya a ƙasa. To babban mutum a Gaya ba ya yawo a ƙasa haka kawai, sai a ce ya karye. Amma in da sanda a hannunsa da ƙwallo a gabansa, sai a ce wasan manya yake yi. Alhaji ya zo, ya jawo Mutari mai kamiyoyin dakon kaya, Mutari ya jawo wasu. Ni ma da na yi ritaya, zaman gida ya ishe ni, na haɗiye duk tsokanar da na yi na bi su. Muka zama mu takwas a hannun Siddo, ni ne na ƙarshe a iyawa. Ƙwallona ta fi sanin gonar dawar da ke gefen fakon a kan gwangwani.

Kullum in mun gaji mun zauna a inuwar itacen bedi, labarin ciyawa ne. Yadda ake aske ta kowace safiya, yadda ake ba ta ruwa, yadda ƙwallo ke gangarawa a kanta ba ƙara. Mutumin da bai taɓa ganinta ba sai a hoto! Wata rana Alhaji Yahaya ya katse shi.

"Malam Siddo, ciyawar ga da kake ta hwaɗi, mu tahi mu gan ta. Ina da abokin ciniki Maroko, ya ce akwai hili kusa da su, bakin teku. Biyen jirginka, tikitin zuwa da dawowa, na wuyana. Kai dai shirya muna tahiyar."

Siddo ya tashi ya je ya dafa kekensa, ya daɗe yana duban sarƙar kamar wani abu ya same ta. Da ya dawo ya ce, "Mushe, gobe ka zo da takarda."

Wata bakwai muka yi muna shiri, kuma ban taɓa ganin tafiyar da aka shirya kamarta ba, har tafiyar aikin hajji. Shi ke faɗa, ni ke rubutawa, don ni na iya Faransanci da aika saƙo ta waya. Abin da ya tsinta a bakin Turawa shekaru da yawa da suka wuce, da abin da tasha ta koya masa, ya haɗa su wuri ɗaya.

Ya fara da fasfo. Ya sa kowa ya kawo nasa, ya duba ranar mutuwarsa da idonsa. Na Mutari saura wata huɗu, ya kore shi Yamai ya sabunta, Mutari yana ta ƙorafi wai ai bai mutu ba tukuna. Ya sa kowa ya nemo karnen allurar shawara, wato katin shaidar rigakafi, ya cusa a cikin fasfon. Ya ce kada a tafi lokacin azumi, kada a tafi lokacin da kaya ke cunkushe a gadar kan iyaka, don ya san mutanensa, rabinsu za su janye ana jibi tafiya. Ya ce otel ya zama kusa da fili, tafiyar da ba ta wuce minti goma sha biyar ba. Ya ce ranar da aka sauka ba a wasa, a huta, a ga gari, ƙafa ta sake.

"Kuma hilin Turawa ba tasha ba ne," in ji shi, yana nuna Alhaji da bik. "Ba a jiran mota ta cika. In anka ce takwas da minti goma, to takwas da minti goma. In kana gaisuwa, gaisuwar ta jira ka. Alhaji, da kai nake."

Maganar sanduna ta ci mako biyu. A lokacin kowa ya sayi nasa na hannu daga Kotonu, kuma Siddo ya ce masu lodin jirgi ba su fi masu lodin tasha tausayi ba, ya san su, ƴan'uwansa ne. Ya sa aka yanko muciya mai tsawo aka tsaya da ita a cikin kowace jaka, ta ɗara sanda mafi tsawo da ɗan yatsa, don in an jefar da jakar ta kai, muciyar ta sha dukan. Kawunan sandunan kuma Fadima ta naɗe su da tsofaffin zannuwanta, tana yi tana cewa ita ba ta taɓa samun irin wannan lallashin a gidan ba. Takalmi da safar hannu a jakar hannu, ko da manyan kaya sun makara. Riga mai kwala, ban da babbar riga. Kilishi da yaji, don bai yarda da abincin da bai san mai dafa shi ba.

Abu ɗaya ya nema bai samu ba. Ya so a yi kwana biyu ana wasa, ko an sami ruwa ko wata matsala. Mutari da sauran suka ce ba za su bar harkarsu fiye da kwana huɗu ba. Aka tsaya a kan rana ɗaya, Lahadi, Litinin da safe a hau jirgi a dawo.

Sai ranar da za a aika wa filin saƙo a kama mana wuri. Siddo ya bayyana mana cewa huɗu-huɗu ake fita, ba a wuce huɗu, kowane rukuni da lokacinsa, kuma lokacin sanyin Turai filayen Maroko cike suke, sai an kama tun da watanni. Muna zaune a kan tabarma a inuwar bedin, shi yana tsaye. Na ce, "Mutum nawa zan rubuta?"

Ya miƙa yatsa ya bi kawunanmu, leɓɓansa na motsi. "Takwas. Huɗu-huɗu, layi biyu, ba ragi ba ƙari. Kun ga yadda Allah ya yi muna gyara?" Ya bugi bayan motar Alhaji sau biyu don murna.

Mu takwas ne a zaune, shi ne na tara. Shekara talatin da ɗaya yana ƙirga kawunan masu tafiya, kuma ko sau ɗaya kansa bai taɓa shiga lissafin ba, don mai lodi ba ya tafiya. Shi yana da wannan uzurin. Ni fa? Ni da na tsufa ina koya wa yara ƙidaya, na rubuta takwas, na jera sunayen da ya nuna, na aika wa fili, na kwafa na aika wa otel. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Biyen jirgi kuwa Alhaji ne ya kai fasfo tara wurin masu sayarwa da hannunsa, don haka ba inda lissafin biyu suka haɗu balle a gane.

Siddo ya sayi farin takalmi a kasuwar Malanbil, tsallaken gada, da shuɗiyar riga mai kwala. Fadima ta gaya mini a ɗaki yake sa takalmin ya yi ta zagaye, ba ya yarda ya taka tsakar gida da shi. Ya ƙara yawan zuwa fako, har ranakun aiki. Yana da shekara sittin da uku, amma a watannin nan ƙwallonsa tana tashi kamar ta mai talatin.

Ranar tafiya ya loda mu a mota biyu zuwa Yamai, ya cusa kai ta taga ya ƙirga, ya bugi bayan motar, har direba ya fara ja sannan Mutari ya yi ihu a tsaya, mai lodin ma fasinja ne. Muka yi dariya har Dosso. Muka sake yin wata dariyar a otel ran Asabar da rana, da aka ba mu makulli huɗu, ɗaki huɗu, gado bibbiyu. Aka kawo katifa aka ƙara a ɗakina. Kowa ya tsokane shi, ni na fi kowa. Manyan mutane takwas, masu kamiyoyi da masu shaguna da tsohon malamin lakol, ba wanda ya ce, to filin fa? Na lura dai Siddo bai yi dariya sosai ba, kuma da aka kawo abinci bai ci na kirki ba. Na ɗauka gajiyar jirgi ce.

Lahadi ƙarfe bakwai da rabi muna bakin filin. Ba zan iya kwatanta ta da kyau ba. Ka san irin shinkafa a fadama, kafin a cire shi a dasa? To haka, amma har iyakar ganinka, tudu da gangare, ruwan safe na ƙyalli a kanta. Akwai ƙanshi kuma, wanda ba wanda ya taɓa gaya mana. Alhaji Yahaya ya yi salati. Siddo ya tsaya a bakin siminti, inda ciyawar ta fara, da farin takalminsa da shuɗiyar rigarsa, bai taka ba.

Na je tagar ofishin filin da takarda. Wata mata ta duba na'urarta ta karanto sunaye, rukunin takwas da minti goma, rukunin takwas da minti ashirin. Na ji nawa, na ji na Alhaji, na ji na Mutari. Ta gama ta ɗago kai. Na ce saura ɗaya. Ta juyo mini da na'urar na gani da idona, saƙona ne, rubutuna ne.

Matar ta yi iya ƙoƙarinta, ba zan ɗora mata komai ba. Ta duba ranar daga safe har yamma, ba gurbi ko ɗaya. Ta buga waya filaye biyu na kusa, duk cike. Biyar a rukuni ɗaya kuma ba a yi. Amma ta ce sauya suna ba wuya, wani ya fita wani ya shiga, yanzu ta gyara.

Na dawo na faɗa musu. Kafin in rufe baki mutum uku sun ce sun fasa. Na ce musu kowa ya yi shiru, ni na yi ɓarnar, kuma ni ne dama ba na iya komai, wurina za a ba shi. Na juya zan koma tagar, Siddo ya riƙe mini hannu.

"Mushe, wanda anka rubuta an rubuta."

"Ni na rubuta, ni zan goge!"

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa sauke fasinja ba don in sa nawa. Ƙanena na ciki ɗaya ya kwan tasha, matarsa na naƙuda Dosso, ban sauke kowa ba. Yau zan hwara, don kaina?"

Alhaji Yahaya ya ce, "Malam Siddo, wagga tahiya taka ce. Don kai munka zo."

"Ku kunka zo, Alhaji. Ni na kawo ku."

Mutari ya ce to a raba, Mushe ya buga rami tara, shi ya karɓi tara. Siddo ya dube shi yadda yake duban direban da ya ce a ƙara mutum a gaba. "Ka taɓa ganin an sauke fasinja rabin hanya don ɗan kamasho ya zamna?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gaya masa wannan ba mutunci ba ne, taurin kai ne, irin na gidansu, ubansa ma haka yake. Na ce in bai buga ba ni ma ba na bugawa, sai wurin ya tafi a banza. Ya ce in na yi haka ya daina gaishe ni har abada, kuma na san zai iya. Na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun jiya, da ya ga makulli huɗu. Ya yi shiru ne don ya san in ya faɗa, wani zai wayi gari da ciwon ciki na ƙarya.

Ya duba agogo. "Takwas saura minti biyu. Alhaji, kai da mutanenka gaba. Mushe, tambayi matar ga ko za su bar ni in bi ku da jaka."

Suka bar shi. Ya sunkuya ya saɓi jakata a kafaɗar dama, madaurin ya faɗa daidai inda ya saba zama. Haka Siddo ya taka ciyawa karon farko, da jakar wani a bayansa.

Ban taɓa wasa mai muni kamar na ranar ba, kuma ni mai munin wasa ne dama. Shi kuwa aiki ya yi kamar an biya shi. Ya tsinki ciyawa ya watsa sama ya ga iska. Ya durƙusa a bakin rami ya karanta gangaren ƙasa, ya ce wa Mutari ya nufi hannun hagu da tafi ɗaya, ƙwallon ta lanƙwasa ta faɗa, Mutari ya yi ihu har Turawan da ke wancan gefe suka waiwayo. In wani ya yanko ciyawa da sanda, Siddo ya bi ya ɗauko yankin ya mayar gurbinsa ya danna da ƙafa. Na lura kowane yanki sai ya ɗan riƙe shi a tafin hannu kafin ya mayar. Na ce ya bari in ɗauki jakata ko na rami biyu ne, ya ce mai wasa ba ya ɗaukar jaka.

A rami na goma sha huɗu hanya ta bi ta bayan wasu dogayen itatuwa, ba a hango mu daga ko'ina. Ƙwallona, cikin ikon Allah, ta faɗi tsakiyar fili, wuri mai kyau, ta zauna a kan ciyawa ɗas. Siddo ya zaro sanda ya miƙo mini. Na ƙi karɓa.

"Taubashi, ba wurina nake ba ka ba. Bugu ɗaya. Ko ɗan kamasho yana zama cikin mota ya sha inuwa kahin ta tashi."

Mutari da sauran biyun suka juya baya, wai suna duban teku. Siddo ya daɗe yana kallona. Sannan ya sauke jakar a hankali, ya goge tafin hannunsa a wando, ya kama sandar. Ya gyara ƙafafunsa. Ya ɗora kan sandar a bayan ƙwallon, ciyawar ta ɗan lotsa ta karɓe shi. Na ji ya ja numfashi.

Ya ɗaga sandar ta kai ƙugunsa, sai ta tsaya. Na ga kafaɗar ce ta ƙi. Awa uku da rabi ke nan yana ɗauke da jaka, tudu da gangare, mutum mai shekara sittin da uku wanda rabonsa da dako tun yana saurayi. Ya sauke, ya sake ɗagawa, ta tsaya a wuri ɗaya. Ya gwada na uku. A bayanmu rukunin da ke biye sun ɓullo daga cikin itatuwa sun tsaya suna jira.

"Hannun ba nawa ba ne yau," in ji shi.

"Buga ko yaya ne! Ko ta mirgina taku biyar!"

"A'a. Ba haka nan ba."

Ya goge kan sandar da ƙyalle, ko da yake ba abin da ya taɓa ta, ya miƙo mini. "Mita ɗari da talatin zuwa tutar rami, iska na bayanka. Kak ka ɗaga kai." Na buga, idona cike da ruwa, ban ga inda ta nufa ba. Shi ya gano ta a cikin yashi.

A jirgi Alhaji Yahaya ya rantse baɗi za mu koma, kwana uku ana wasa, kuma shi da kansa zai rubuta sunan Siddo a farko. Da gaske yake, na sani. Amma kafin shekara ta zagayo aka rufe gada, kamiyoyin Mutari suka yi ta tsatsa a gareji, Alhaji ya koma Yamai wurin ɗansa, biyu daga cikinmu suka bi kasuwa zuwa Kamba. Fakon hanyar Tanda mai shi ya noma shi. Kafaɗar Siddo kuma ba ta koma daidai ba tun daga ranar. Yanzu ko hula da hagu yake sawa, ya bar kamasho, yara sun gaje shi.

Duk da haka kullum da hantsi yana tasha, a kan benci kusa da mai shayi, ni ma can nake zuwa in same shi. Mukan yi faɗa a kan siyasa, a kan wa ya girmi wani, a kan gidan da ya fi taurin kai tsakanin namu da nasu. Na roƙe shi gafara sau ɗaya a kan saƙon, ya ce in na sake zai gaya wa jikokina yawan bugun da na yi ranar. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, ni kuma ban taɓa cewa ya yi daidai ba.

Amma wani lokaci, in hira ta lafa, sai ya matso ya rage murya, kada mai shayi ya ji.

"Mushe, sa'ad da sanda ta shiga cikinta, mi ka ji ga hannu? Tana riƙewa, ko tana saki?"

Na buga a kan ciyawar nan fiye da sau ɗari a rana ɗaya, kuma wallahi ban san amsar ba. Ban ji komai ba, shi nake kallo tun daga ramin farko har na ƙarshe. Karon farko na ce masa tana saki. Wani karon na manta na ce tana riƙewa kaɗan. Bai kama ni da ƙarya ba, shi da ba ya barin ko kuskuren gaisuwa ya wuce. Ya gyaɗa kai kawai, ya haɗa hannuwansa biyu tsakanin gwiwoyinsa, hagu sama da dama kamar mai riƙe da sandar wasa, yana duban ƙasar tasha.

"Kaɗan kamar yaya?" in ji shi.